Mai Jiran Fassara a Ɗakin Gabas

Ranar da dutse na farko ya faɗo, Hajiya Umma tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, rana ta yi ja ta rataya a kan katangar maƙwabta. Yamma ce irin ta kullum a Limancin Kona. Hayaƙin murhu ya kwanta a lunguna, awaki suna komawa gida da kansu, ladanin unguwa yana gyaran murya a lasifika. Tani, ɗalibar da ta kama haya a ɗakin gabas mako biyar da suka wuce, tana kwashe shanyarta daga igiya.

Sai aka ji ƙwal a kan kwanon ɗakin gabas. Hajiya ta ɗaga kai, ta ce yaran unguwa ne da danƙonsu, ta ci gaba da tsintarta. Ba ta kai ga cire tsakuwa uku ba dutse na biyu ya sauka, ya gangaro a hankali, ya faɗo daidai ƙafar Tani. Yarinyar ta sunkuya ta ɗauka. Dutse ne sumul, mai sanyi, kuma jiƙe yake sharkaf, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyu ke nan.

"Yar da shi," in ji Hajiya. "Ki shiga ki yi alwala."

Ta ajiye faifan a gefe. Ta san ba yara ba ne.

Yadda Tani ta zo gidan ma labari ne. Mahaifinta, Malam Ƙasimu, manomi ne daga wani ƙauye can bayan Giwa, kuma a duk zuriyarsu, mace ko namiji, ita ce ta fara taka jami'a. Ta samu gurbin karatun lauya a reshen jami'a da ke Kongo, amma ba ta samu gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba. Kwana uku bawan Allah nan ya yi yana yawo a ƙafa tsakanin Kongo da Tudun Wada, yana duba gidajen haya kamar mai neman irin shuka. Wannan ya ce kiɗa ya yi yawa, wancan ya ce katangar ba ta kai ƙirjinsa ba. Wani gidan tun daga ƙofa ya juya, don ya ga takalmin namiji a bakin ɗakin mace. A masallaci wani ya ba shi labarin gidan marigayi Malam Jumare a cikin birni, inda aka gyara ɗakuna uku don ɗalibai mata, ƙarƙashin idon wata dattijuwa. Aka ce masa da nisa, sai ta hau napep biyu kafin ta isa aji. Ya ce ko huɗu ne ta hau.

Muhsin, ɗan Hajiya Umma, ma'aikacin gwamnati mai son abin zamani, shi ya zagaya da shi. Ya nuna masa sabon ɗaki kusa da famfo, da tayil da fanka da banɗaki a ciki. Ɗakin gabas kuwa don cika zance kawai ya buɗe shi. Tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa filasta, mai kaurin bango da ƙaramar taga, sanyinsa kamar cikin randa. Malam Ƙasimu ya tambayi na wane ne. Da ya ji cewa a nan Malam Jumare ya yi shekara hamsin yana karantarwa, sai ya ja da baya ya tuɓe takalmansa.

"Wannan nake so," ya ce. "Inda malami ya daɗe haka yana karatu, ko jakina na ɗaure a nan sai ya fita da harafi."

Kafin ya tafi ya durƙusa a bakin zaure na ciki ya gaida Hajiya. Ya gaya mata ƙannensa ba su so tafiyar nan ba, shi kaɗai ya tsaya, kuma ya yi musu alkawarin ranar da ya ji wani abin da bai gane kansa ba, ranar zai zo ya ɗauke ta, karatu ya ƙare. Sannan ya ce, "Hajiya, amana zan bar miki. Ɗakin nan lafiya yake?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam."

Wannan amsa ita ce ta zauna mata a maƙogwaro. Domin tun tana amarya a gidan, shekara ɗaya bayan rasuwar Malam Jumare, uwar mijinta Inna Batul ta kama hannunta ta kai ta ƙofar ɗakin gabas. Ta ce duk Alhamis da la'asar ta share shi, ta kaɗe buzun da ke ciki, ta cika buta da ruwa ta ajiye, ta ja ƙofa. Da ta tambayi dalili, tsohuwar ta ce, "Akwai mai karatu a ciki," ba ta ƙara ko kalma ba har ta koma ga Allah. Hajiya ta yi wannan aiki shekara talatin da ɗoriya. Duk Alhamis takan tarar da butar a bushe, takan ce wa kanta yoyo take yi, ko da yake sau huɗu tana canja buta. Da mijinta ya rasu, Muhsin ya kawo magina, ya kwashe littattafan kakansa a buhuna ya jibge a sito, ya ce al'adun tsofaffi sun isa haka. Ta yi shiru, don gaskiya ita ma ta gaji da tsoron ɗaki. Da baƙon ƙauye ya tambaye ta, kunya ta hana ta cewa gidan malamai guda yana da ɗakin da ake shayin shiga.

Daga wannan yamma jifa ta zama ta kullum. Ba ta zuwa da rana, ba ta zuwa bayan isha'i. Sai inuwa ta cinye tsakar gida, kaji sun hau makwancinsu, sannan take farawa, kuma a kan ɗakin gabas kaɗai. Muhsin ya hau tsani ya leƙa ko'ina, ya je ya yi wa maƙwabta faɗan da ya dawo yana ba da haƙuri. A rana ta shida aka fara jin muryar.

Murya ce ta namiji, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin bango. Hajiya ta girma a gidan malamai, ta tsufa a gidan malamai, don haka ta gane abin da take ji tun kafin ta yarda ta gane. Jan baƙi ake yi, irin na karatun zaure, inda ɗalibi zai karanta 'yan kalmomin Larabci ya tsaya, malam ya fassara masa da Hausa, sannan ya ci gaba. Muryar takan ja kalma uku ta tsaya. Shiru ya biyo baya, dogon shiru mai nauyi, daidai tsawon da malami zai ɗauka yana fassara. In ba a amsa ba, sai dutse ya sauka a kwano. Sai ta sake jan kalmomin nan uku dai, ta sake tsayawa.

Ɗalibai biyun da ke sauran ɗakunan ba su kwana uku ba suka tattara nasu ya nasu. Hajiya ta ce wa Tani ta dawo ɗakinta su kwana tare, ta dawo. Amma ta riƙe gefen zanen Hajiya tana kuka.

"Don Allah kada Baba ya ji. Saura mako uku jarrabawa. In ya ɗauke ni, wallahi ba zan ƙara ganin aji ba."

Hajiya tana son yarinyar nan, so na gaske. Tana son yadda take tashi da asuba ta share gidan da ba nata ba, da yadda take karanta manyan littattafan Turanci tana motsa baki kamar mai lazimi. Don haka ta sake yin shiru, a karo na biyu, ta kira shi tausayi.

Littattafan Tani suna ɗakin gabas, kuma ɗalibi ba ya rabuwa da littafi. Wata Laraba, gab da magariba, ta ce bari ta ɗauko ɗaya ta dawo. Aka kira salla, aka idar, ba ta fito ba. Gidan ya yi tsit, ko dutse ɗaya bai faɗo ba ranar, kuma wannan shirun ya fi jifar tayar wa Hajiya da hankali. Ta ɗauki tocila ta tura ƙofar.

Tani tana zaune a ƙasa ta naɗe ƙafa irin zaman maza a gaban malami, kanta a sunkuye, tafukanta a buɗe kamar tana riƙe da takarda. Bakinta ya motsa, muryar nan ta bango ta fito daga cikinsa. Kalma uku, ta tsaya. Hajiya ta yi salati ta kamo hannunta. Yarinyar ta ɗago da idanun da ba nata ba, ta zare hannun a hankali, da ladabi.

"Hajiya, a yi haƙuri. Da alwalata."

A daidai lokacin wayar Tani ta yi ƙara a kan katifa. Malam Ƙasimu ne, wanda bai taɓa fashin kira bayan magariba ba. Kafin Hajiya ta kai hannu, yarinyar ta ɗauka ta kara a kunne, ta yi sallama da muryar ƙato.

Kashegari kafin la'asar Malam Ƙasimu yana ƙofar gida, ƙafafunsa buɗu-buɗu, ko ruwan da aka kawo masa bai kalla ba. Tani ta kwana a zaune, ba ta ci ba, ba ta sha ba, maza biyu sun kasa ɗaga ta daga inda take. Muhsin, wanda zamanancinsa ya zube tun daren jiya, ya riga ya tafi Ƙofar Galadima ya ɗauko Malam Jamaluddeen, wani siririn dattijo mai karantar da fiƙihu a zaurensa, wanda aka san shi da ruƙiyya amma ba ya son a yi ta yayata shi. Malamin ya ce a buɗe taga, kowa ya zauna. Hajiya ta zauna a bakin ƙofa, inda take ganin fuskar yarinyar da ƙeyar mahaifinta.

Ya daɗe yana karatun Alƙur'ani, murya a kwance, ba tsawa ba duka. Rana tana ta sauka a bango. Tani ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Sai ma ta gyara zama ta nutsu tana saurare. Da ya kai aya ya tsaya, ya dube ta.

"Kai wane ne?"

"Suhaib, Allah ya gafarta Malam. Musulmi ne ni."

"Me ya kawo ka ɗakin mutane?"

"Mutane suka zo ɗakina."

Muryar ta yi bayani a hankali, kamar wanda ya daɗe bai yi hira ba. Ta ce daga wajen wani rafi ya zo neman ilmi, Malam Jumare ya karɓe shi ɗalibi, ya ba shi kusurwar ɗakin nan ya ce ya zauna har ya sauke littafinsa. Bayan ɗaliban mutane sun watse da yamma, sai Malam ya ba shi nasa karatun. Wata Talata ya ja baƙi, Malam ya buɗe baki zai fassara, tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ina zuwa." Aka fita da shi, bai dawo ba.

"Cewa ya yi in dakata. Shekara talatin da takwas ina dakatawa. Warƙa tara ta rage mini a littafin."

Hajiya ta dubi kusurwar ɗakin. Ta tuna butocin da ta yi ta zargi da yoyo.

"An daina ba ni ruwa, na yi haƙuri," in ji muryar. "An kwashe littattafan, na yi haƙuri. Sai aka kawo mini mace baliga ɗaki. Yaya zan kwana ɗaki ɗaya da wadda ba muharramata ba? Na koma kan rufi, rana da sanyi. Na yi jifa don a gane, ba a gane ba."

"Ka ji tsoron Allah ka ƙi zama ɗaki ɗaya da ita," Malam Jamaluddeen ya ce, "sannan ka shiga jikinta ka hana ta ci da sha da salla. A wace warƙa ka karanta wannan?"

Kan yarinyar ya sunkuya har ƙasa.

"Na yi zalunci. Baki na rasa, Allah ya gafarta Malam. A fitar da ita a mayar mini da ɗakina, in sake ta yanzu."

"Ɗaki na magada ne, sun ba wadda suka ba. Ita ma karatu ya kawo ta, kamar kai."

"To a ƙarasa mini a nan, da bakinta. Kwana tara kawai."

"Ko kwana ɗaya ba za ka ƙara a jikinta ba. Ga abin da zan yi maka. Zaurena yana Ƙofar Galadima. Ka zo bayan asuba ka zauna bayan ɗalibai, warƙa ɗaya kullum har ka sauke. In ka sauke, ka koma rafinku, ba kai ba gidan nan."

"Da littafin Malam nake karatu, mai rubutun hannunsa."

Malamin ya waiwayo. Muhsin ya rasa inda zai sa idonsa, don bai san buhun da ya jefa shi ba. Hajiya ce ta tashi. Ta san jakar fatar, ta shekara talatin tana kaɗe mata ƙura. Ta zazzage buhu biyu a sito ta dawo da ita, ta miƙa da hannu biyu. Malam Jamaluddeen ya kwance igiyar, ya buɗe wajen da wani siririn tsinke ya raba takardu. Abin da ya rage bayan tsinken bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

"Alfarma ɗaya," in ji muryar. "Inda na tsaya. Shi kaɗai."

Malamin ya ce, "Ja."

Kalmomin nan uku suka fito, waɗanda gidan ya haddace don tsoro. Suka tsaya. A wannan karon shirun bai yi tsawo ba. Malam Jamaluddeen ya fassara su da Hausa, cikin sauƙi, magana ce 'yar gajeriya da ba ta kai numfashi biyu ba. Hawaye suka zubo daga idanun Tani, muryar ƙato ta ce, "Na'am. Na'am, Allah ya gafarta Malam." Aka sa shi ya yi rantsuwa, ya yi. Ya nemi gafarar yarinyar da ta mahaifinta. Sannan babban yatsan ƙafarta ta hagu ya karkaɗa sau uku, jikinta ya saki, ta sulale gefe kamar zanen da ya zame daga igiya. Ladan ya kira magariba. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Baba? Yaushe ka zo?"

Hajiya ta ɗauka an gama. Ta dama kunu ta ba yarinyar da hannunta, zuciyarta wasai, har tana lissafin kwanakin da suka rage kafin jarrabawa. Da safe Malam Ƙasimu, wanda ya kwana a zaure, ya yi sallama ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar farko.

"Hajiya, na ji an ce an daina ba shi ruwa. Wa yake ba shi?"

Tana iya cewa uwar mijinta. Ba ta ce ba. "Ni ce, Malam."

"Tun kafin in kawo ta?"

"Tun kafin a haife ta."

Ya gyaɗa kai. Ba ya cikin masu ɗaga murya, kuma da ya ɗaga da ta fi jin sauƙi.

"Ni na zaɓi ɗakin, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma na tambaye ki. Da kin ce mini a'a, da na ɗauki na kusa da famfo, da yanzu ina gona." Ya numfasa. "Aljanin bai ba ni tsoro ba, Hajiya. Da aka tambaye shi, gaskiya ya faɗa. Kwana uku na yi ina yawo a garin nan, gidanki ne ya fi kowanne. In nan ma haka ne, ina zan kai ta?"

Ta roƙe shi. Ta ce ya bar ta ta yi jarrabawar nan kawai, a ɗakinta za ta kwana, a kan gadonta. Muhsin ya sa baki, har Malam Jamaluddeen aka kira a waya ya yi masa nasiha. Ya saurari kowa da ladabi, ya ce ya yi wa 'yan'uwansa alkawari a gaban mahaifiyarsu, kuma shi bai iya faɗin magana biyu ba. Hajiya ta ji wannan ma ta haɗiye.

Napep ya tsaya a bakin lungu, don ba ya iya shigowa. Aka fitar da katifa da bokiti da jakar tufafi. Tani ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare mata. Ta jera littattafanta a kan tagar ɗakin gabas, manya a ƙasa ƙanana a sama, ta ja ƙofa ta kawo wa Hajiya makulli. Ta durƙusa ta yi sallama, sannan ta matso kusa yadda mahaifinta ba zai ji ba.

"Umma, kada a ba kowa ɗakin. Zan shawo kansa. Ina nan dawowa in ƙarasa."

Hajiya ta ce to.

An ce a Ƙofar Galadima, kwana tara a jere, Malam Jamaluddeen yakan tsaya bayan ɗalibansa sun tashi, ya yi ta fassara shi kaɗai a zaure. A rana ta tara ya shafa fatiha, ya aiko da jakar fatar gida. Tun daga nan ko tsakuwa ba ta ƙara faɗowa a kwanon ɗakin gabas ba. Ɗakin lafiya yake yanzu, lafiya lau, Hajiya tana iya rantsuwa a kan haka ga duk wanda ya tambaya.

Masu tambayar kuwa suna zuwa. Duk shekara in jami'a ta ɗauki sababbin ɗalibai, iyaye sukan cika zauren, Muhsin ya shigo ya ce, "Hajiya, makullin ɗakin gabas." Bana ce shekara ta huɗu. 'Yan ajin su Tani sun kusa fita, lambar wayarta ta daɗe da daina shiga. Hajiya takan dubi ɗanta, ta ƙara ɗaure makullin a haɓar zanenta.

"Da mai shi," takan ce. "Ta ce a dakata."